Kyanwar Inna da Injin Shara

Yaran da ke firamare a wancan lokacin yanzu sun fi ni tsawo, amma akwai wata ranar kasuwar Batsari da ba na jin za ta taɓa fita daga raina. Ita ce ranar da na iske mahaifiyata zaune a bayan a-kori-kura da kwando a kan cinyarta, za ta koma ƙauyen da kowa ke gudunsa. Kuma ba wani ne ya ɗora ta a motar nan ba, bakina ne.

Inna ta dawo gidanmu ne bayan rasuwar Baba, a shekarar da zama ya gagara a ƙauyenmu da ke wajen Wagini. An kore shanu, an kwashe rumbu, masu gona sun daina zuwa gona. Ƙannena maza biyu suna ci-rani a kudu, ɗaki ɗaya suke haya su biyun, don haka babu inda ya rage sai wurina. Wanda ya san mutanenmu ya san nauyin da ke cikin uwa ta zauna a gidan surukinta. Sai da maigidana ya tura dattawa har sau biyu kafin ta amince. Ta iso da ƙullin tufafi ɗaya, da ƙwaryarta ta dama fura, da wata tsohuwar kyanwa fara mai gashi buzu-buzu. Baba ne ya tsinci kyanwar tana ƙarama ya sa ta gadin rumbu. A duk abin da ke numfashi a gidan da Inna ta yi shekara arba'in a ciki, ita kaɗai ta samu fitowa da ita.

Gidanmu ya koma gidan kunya. Da Inna ta ji ƙarar mashin ɗin Malam, wato maigidana, sai ta shige ɗaki. Shi kuma ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya gaishe ta ta bayan labule. Ni ma ban tsira ba, don ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta zaunar da ni mu yi hira. Idan tana da magana da ni, kyanwar take gaya wa. Ina tsakar gida sai in ji ta ce, “Mussa, miyar yau gishiri ya yi mata yawa ko?” Sai in san saƙona ne.

Ita kuwa kyanwar ba ta san wata kunya ba. Tun ranar farko ta zaɓi jan kafet ɗin falo ta mai da shi gadonta. Gashinta yana kan kujera, yana kan dardumar salla, yana jikin farar shaddar Malam ta Juma'a. Abin da Inna ba ta sani ba shi ne Malam yana da asma tun yana yaro, kuma zuwan kyanwar ya tayar masa da ita. Na sha ganinsa ya fita ƙofar gida ya jingina da bango yana fesa magani a baki, don kada tarinsa ya kai ɗakinta. Na ce masa a nemi wanda za a ba kyanwar. Ya dube ni ya ce idan na kuskura Inna ta ji zancen asmar nan, to da shi na yi.

Duk da ba a gaya mata ba, Inna tana da ido. Kullum da safe, Malam na fita shagonsa na kayan sola da ke bakin kasuwa, sai ta shiga falo. Ta yayyafa ruwa, ta bi kafet da tsintsiya, sannan ta jiƙa tafin hannu ta riƙa murza shi kamu-kamu har gashin ya dunƙule ta tsince. Kusan awa guda take yi a duƙe, mace mai ciwon baya. Idan na ce ta bari, sai ta dubi kyanwar ta ce, “Kin ji, wai mu ci mu kwanta.” A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Sai daga baya na gane sharar nan ce ke ba ta ƙarfin zuciyar sa hannu a tuwon gidan suruki.

Wata rana Malam ya dawo daga Katsina da dogon kwali a ɗaure a bayan mashin. Injin shara ne, irin wanda ke zuƙe ƙura. Ya ce akwai masu araha, amma waɗannan suna zuƙa ta gaba su busar ta baya, mai asma bai ƙaru da komai ba. Wannan kuwa an yi shi ne musamman don gidan da ke da kyanwa, yana da matatar ƙura a ciki, kuma caji ake yi masa, solar gidanmu ta ishe shi. Da na matsa na ji kuɗinsa, sai da na zauna. Kuɗin da ya daɗe yana tarawa ne don ya canza mashin ɗinsa da ke mutuwa a hanya. Na ce, duk wannan saboda kyanwa? Ya ce ba saboda kyanwa ba ne. Sannan ya ja kunnena da kyau, ya ce kada a kunna shi sai Inna ba ta gida.

To ni Allah ya yi ni da son nuna sabon abu, kuma bakina ba shi da linzami. Kwana biyu na daure, injin yana bayan ƙofa yana kallona ina kallonsa. A rana ta uku, ranar da ba na zuwa makarantar da nake koyarwa, Inna ta gama shararta ke nan tana miƙewa da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu, sai tausayi da ɗoki suka haɗu suka rufe min ido. Na ce ta tsaya ta ga abin mamaki, daga yau ta huta. Na kunna. Kyanwar ta yi tsalle ta haye saman labule, ni kuma ina ta dariya ina tura shi gaba da baya.

Injin yana da wani ƙoƙo na roba garai-garai, ana ganin duk abin da ya haɗiya. Cikin 'yan mintuna ƙoƙon ya cika da farin gashi da ƙura. Na ciro shi na kai har gaban fuskarta.

“Inna, dubi! Wallahi duk daga kafet ɗin da kika share yanzu-yanzu.”

Da na tsaya nan ma da sauƙi. Amma na zarce, na ce ai wannan gashin ne ke tayar wa Malam asma, shi ya sa ya fasa sayen mashin ya sayo injin. Har kuɗin na faɗa mata, ina jin daɗin in nuna mata irin surukin da Allah ya ba ta. Inna ta daɗe tana kallon ƙoƙon nan. Ta dubi tafin hannunta da bai bushe ba, ta ce Allah ya sa albarka, ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Washegari ba ta yi shara ba, ni kuma na yi ta murna wai ta huta. Ta ɗaure kyanwar da tsumma a ƙafar gadonta. Tuwon da na kai mata ya dawo an ɗan taɓa gefensa kawai. Da yamma ina wucewa ta ƙofarta na ji ta ce a hankali, “Mussa, ashe mun zama ciwo, ni da ke.” Na ji da kunnena, kuma na san saƙona ne. Na ce a raina gobe zan lallashe ta, na wuce na ci gaba da kwashe shanya. Har yau idan na tuna wucewar nan sai in ji kunya ta kama ni.

Goben ita ce ranar kasuwa. Na taso daga makaranta da azahar na tarar da ɗakinta a share tas, an naɗe tabarma, babu ƙullin tufafi, babu ƙwarya, babu kyanwa. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta ce ta ga fitarta da kwando a ka. Ban san lokacin da na isa shagon Malam ba, ina kuka ina ba shi labari a birkice. Bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya bar shagon a buɗe ya ce in hau. Motocin ƙauye ba sa kai la'asar a tasha, don ba mai son yamma ta riske shi a wannan hanyar.

Mun same ta a bayan a-kori-kura, tsakanin buhunan gishiri da jarkokin manja, ta rufe kwandon da zane, wutsiyar kyanwar ta leƙo ta gefe. Direba har ya tayar da mota. Ni na tsaya kamar an dasa ni. Malam ne ya cire takalmansa a kan ƙasar tasha mai zafi, ya tsuguna a gindin motar, gaban 'yan kamasho da masu tallan rake. Inna na ganinsa ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Inna,” ya ce, “yau zan yi rashin kunya, ki yafe min. Asma tawa ce tun kafin a haifi kyanwar nan. Injin kuma ni na saya wa kaina, don na san ranar da kyanwar ta bar gidan, ke ma kin bar shi. Ni ina shekara shida uwata ta rasu. Ban san daɗin in dawo gida in tsuguna in gai da uwa ba sai da kika zo. Idan kika tafi, wa zan gaisar?”

Wata mata da ke zaune kusa da Inna ta fara share hawaye da bakin zane. Direban ya kashe mota ba tare da kowa ya ce masa ba. Inna ba ta buɗe fuska ba, kuma ba ta amsa masa ba, don ba a yin haka. Can sai na ga hannunta ya shiga ƙarƙashin zanen yana shafa kyanwar. Sannan ta ce, “Mussa, kin ji. An ce mu sauka.”

Ba ta yarda ta hau mashin ɗin suruki ba. Da ƙafa muka koma ni da ita, ina ɗauke da kwandon, Malam yana binmu daga nesa yana tura mashin. A hanya na ce ta yafe min. Ta ce in gyara ɗaukar kwandon, ina karkata shi.

Daga ranar muka ɓoye injin a ɗakinmu, Inna ta koma shararta. Sai kuma ta tsiri wata sabuwar al'ada: tana gama shara ta wanke hannu, ta yafa mayafi ta shiga gidan tsohuwar maƙwabciyarmu gaisuwa. Malam ya ga dama ta samu. Kullum sai ya baro shago na minti goma, ya bi kafet da kujeru da injin, ya kai ƙoƙon can bayan gida ya zazzage. Tarinsa ya ragu ƙwarai, fita ƙofar gida da maganin fesawa ta zama sai jefi-jefi. Ni da shi muna ta yaba wa kanmu wayo. Haka muka yi shekara uku, shi kuma yana ta fama da tsohon mashin ɗinsa.

Da tsufa ya ci ƙarfin kyanwar ta mutu, Malam da kansa ya haƙa mata rami a gindin dalbejiyar gidan. Bayan kwana biyu na lura Inna ta gama shara ta zauna abinta a tsakar gida, ba ta ɗauki mayafi ba. Na tambaye ta ko yau ba za ta leƙa maƙwabta ba. Yanzu babu wadda za ta aika da saƙo, dole ta dube ni.

“In je in yi mi?” ta ce. “Ki ce wa Malam ya huta da injin nan haka nan. Ke kina tsammanin katangar ga tana hana ji? Ina zaune can ina jin kukansa, sai ya yi shiru nake tasowa. Tsohuwar nan ko, wallahi ko jinina bai haɗu da nata ba. Shekara uku tana ba ni labarin ciwon gwiwarta.”

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka. Ita ma ta juya kai gefe tana goge ido.

Abokan aikina masu kyanwa a gida sukan tambaye ni ko injin nan mai tsada ya ci kuɗinsa. Nakan ce musu ƙwarai, idan akwai mai asma a gidan, su saya kada su yi ƙyashi, yana kwashe abin da tsintsiya ba ta gani. Amma nakan ƙara musu da abin da na koya da tsada fiye da kuɗin injin. Kafin ka ɗauke wa tsoho wahala, ka fara duba ko wahalar nan ce ke riƙe da mutuncinsa. Ni na so Inna da baki, na kusa tura ta hanyar da ba lalle ta dawo ba. Su biyun kuwa, da ba su taɓa haɗa ido ba, sun yi shekara uku kowa yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma a wurinsu na koyi yadda ake taimakon mutum ba tare da an kunyata shi ba.