Ta Iri Ba a Ci

A gidanmu na Guci, saman murhun Iya, akwai wani ƙaramin dami na zangarniyar gero da ke rataye shekara da shekaru. Hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin. In kaka ta yi, Iya ke shiga gona da kanta ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ta ɗaure, ta rataye a wurin don kada ƙwari su taɓa. Wannan shi ne iri. Ko shekarar da muka koma cin tafasa da ɗan gari, babu wanda ya isa ya ɗaga ido ya kalle shi.

Iya Hassu mahaifiyar babana ce. Gajeriya ce, ga faɗa, ga kyauta. Da lokacin sanyi, in an yi isha'i, sai ta hura wuta da karan gero a ƙofar ɗakinta, ta watsa gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu zagaye ta. Ni ce mai zama gaba, don haka ni ce mai shan ranƙwashi. Aku take kirana, wai bakina ba ya hutawa.

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta gyara zama ta ce, "To ga ta nan tafe, wanda ya yi gyangyaɗi ya yi wa kansa." Guda ɗaya take yi, in ta ji daɗi biyu. In muka matsa sai ta ja toka ta rufe garwashi.

"Iya, ƙara mana ɗaya mana."

"Akwai saura ɗaya," za ta ce, tana nuna damin nan da haɓa, "amma ta iri ce. Ta iri ba a ci."

Wallahi maganar nan ta sha hana ni barci. Na ɗauka akwai wata tatsuniya da ta fi duka daɗi, Iya ta ɓoye ta tana yi mana rowa.

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta mai gurmi. Wai wani saurayi ne mai son waƙa, amma ba shi da ko ɗaya tasa. Ya tarar da wata tsohuwa a gindin kuka ta kasa ɗaukar itacenta, ya ɗaukar mata har gida. Ta ba shi ɗan gora cike da ƙwayoyi, ta ce duk wadda ya haɗiye, sabuwar waƙa za ta fito masa. Ta ce in ya ga gindin gora ya fara bayyana, ya tsaya, ya jira damina ya shuka sauran. Saurayi ya shiga gari, ya haɗiyi ɗaya, mata suka bar daka suka fito. Ya haɗiyi wata, mahauta suka ajiye wuƙa. Duk inda ake biki sai an aika masa. Rannan a wani babban biki jama'a suka yi ta cewa ya ƙara, ya ƙara, shi kuma yabo ya yi masa daɗi, har ya kife goran a tafin hannu ya haɗiye na ƙarshe. Da gari ya waye ya buɗe baki, babu sai tsofaffin. Ya maimaita su har aka daina kiransa. Ya koma gindin kuka yana kuka.

A nan Iya kan canza murya, ta yi ta tsohuwar, siririya mai rawa: "Ɗan nan, ai iri na ba ka, kai ka mayar da shi tuwo."

"To daga nan fa?" in ji ni.

"Daga nan sai ya samu aiki a gonar wani, yana kaɗa wa tsuntsaye gwangwani. Su ma ba sa tsayawa su saurara." Sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta fi mu jin daɗin abin.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Magaria, daga baya na tafi Damagaram. Bakin nan da ba ya hutawa shi ya zama sana'ata. Ina rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, ina kuma yin muryoyin tsofaffin mata a ciki, kuma duk muryar Iya ce nake ara. Mutane suka so abin. Daga wasa ɗaya a mako aka ce biyu, sannan masu saurare ta waya suka ce kullum suna son guntun abin dariya. Ban taɓa cewa a'a ba, tsoro nake kada a manta da ni. Na daina zuwa biki, na daina zuwa kasuwa, ina ɗaki daga ni sai waya. Har wata safiya na zauna zan rubuta, na ga duk abin da ya zo mini na riga na yi shi. Na sake wa tsohon wasa sunaye na kai. A cikin mota na ji wata mata tana ce wa 'yar'uwarta, "Matar nan ta ƙare, abu ɗaya take ta juyawa." Ba ta san ina bayanta ba. Na ji zafi ƙwarai, don gaskiya ta faɗa.

A cikin wannan hali aka aiko Iya ba ta da lafiya. Na shiga mota zuwa Guci. Na tarar da ita ta ƙanƙance a kan tabarma, amma bakin yana nan.

"Aku, wai ke ce tsohuwar cikin rediyo? Muryata kika sace ko sisi ba ki aiko ba."

Na yi dariya, sai hawaye. Na gaya mata komai. Na ce, "Iya, don Allah ki ba ni ta irin nan da kike ɓoyewa. Yau ina bukatarta."

Iya ta ce, "Ashe har yanzu ba ki da wayo. Babu wata tatsuniya, 'yar nan. Duk daren da na ce muku ta iri ce, na bar ɗan ƙarfin da zan tashi da shi ne. Da safe in je rijiya, in zauna wurin masu sussuka, ran kasuwa in tsaya gun mai kayan koli, in yi shiru in ji abin da mutane ke cewa. A nan suke tsirowa. Mai gurmin nan ma wani ne na sani a garin Waca." Ta numfasa. "Ke yaushe rabonki da ki yi shiru?"

Ta rasu kafin damina ta sauka.

Yanzu wasa ɗaya nake yi a mako, kuma na koyi cewa a'a, ko da za a ji haushina. Wasu masu saurare sun koma wurin wasu, na ji ciwo, ban mutu ba. In lokacin sussuka ya zo ina ɗaukar kwanje, wato hutun aiki, in tafi Guci, in kashe waya in zauna cikin mata da faifai a hannu. Suna yi mini tsiya wai mutuniyar birni ba ta iya shiƙa ba, ina jin su ina tarawa. Ɗakin Iya ya rushe bara, amma matar ƙanena ta ciro igiyar da ake rataye irin, ta ɗaura a nata murhun. Da na ga sabon dami a jiki, hayaƙi ya fara taɓa shi, sai na fita waje na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne ta.