Ranar da Na Kai Bindigar Yaya Wudil

Mun tashi ranar Juma'a ana idar da sallar asuba, ni da maƙwabcina da jakinsa, da bindigar marigayi yayana a naɗe cikin tabarma. Wanda ya ga maganar ta karkace ya yi haƙuri, wata biyar kacal na yi a ajin yaƙi da jahilci, rabi ma gyangyaɗi na yi.

Ga abin da ya fitar da ni. Yayana maharbi ne. Shekara uku ke nan da rasuwarsa, a rabon gado bindigarsa ta toka ta faɗo a kaina, ni da ko ƙadangare ban taɓa jifa na samu ba. Ɗakina yana yoyo, don haka na kafa turke a bangon ɗakin uwargida na rataye ta, daidai saman gadonta. Bana birai suka dami masarata, na sauko da ita ina jujjuyawa a tsakar gida, in ga ko na yi kama da maharbi. Uwargida tana tankaɗe, ta ɗago kai ta ga bakin bindiga yana kallonta.

Ta ce, "Malam, da abu a cikinta ko babu?"

Na ce babu.

"Ka duba?"

Na ce ai ko a hannu ana jin ba ta da nauyi. Ran nan ta naɗe shimfiɗarta ta koma ɗakin matar ɗanmu, ta ce ba ita ba ɗakin nan sai wanda ya san bindiga ya faɗa da bakinsa. Kwana tara ana dire mini tuwo ba ko sannu. Shi ne na ce bari in kai ta wa maƙerin Wudil, in dawo in kunyata tsohuwar nan.

Daga ƙauyenmu bayan Achika hanya ta ratsa gonaki, dawa ta fi mutum tsawo, raɓa ta jiƙa mu har gwiwa. Maƙwabcina yana gaba da igiyar jaki, sai ya waiwayo ya tambaye ni wane ɓangaren tabarmar ne bakin. Na ce ina zaton na wajensa ne. Ya dawo baya, ya ce in shige gaba. Na ce to, wataƙila kuma na baya ne. Muka tsaya muka gicciye kayan a bayan jaki, bakin ya koma kallon duk wanda ya wuce mu ta hagu, muka ci gaba hankali kwance.

Da muka hau babban titi sai ga garkunan shanu, duk sun nufi kasuwa, matan Fulani a gefe da ƙorai a kai. Wata motar gyaɗa ta taho tana tari kamar tsohon mai shan taba, ta danna ƙaho, jaki ya zabura ya watsar da kaya. Bindiga ta zame daga tabarma ta bugi ƙasa. Na kama ta ta baki na jawo, har na leƙa ciki da ido ɗaya ko ƙasa ta shiga. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mun shiga Wudil da hantsi. Wanda bai ga kasuwar shanun nan ba bai ga ƙaho ba tukuna. Dillalai suna ja, masu shanu suna rantsuwa, bajimai suna kallonsu kamar su suka fi kowa hankali. Fura da nono ta kwabo ta cika mini ciki. Soyayyen kifi kuwa taro aka ce, kwabo uku ke nan, na ce ko da kogin ake haɗawa? Mai kifin ta ce in ban saya ba in matsa, inuwata tana kore mata masu kuɗi. Kogin Wudil ɗin ya cika ya yi ja, masunta suna ta kai da kawowa a kwale-kwale.

Maƙerin yana can ƙarshen kasuwa ƙarƙashin tsamiya. Mutum uku na zaune wurinsa: wani tsohon maharbi, da wani tsohon soja da suke kira Saje, da wani Alhaji falken shanu. Muka gaisa, aka ce in jingine tawa in jira, don gardama ake yi, maƙeri kuma ba ya aiki in ana gardama.

Alhajin ne ya fito da wata ƴar bindiga daga aljihun babbar riga, tsawonta bai wuce tafin hannuna ba. Ya ce wurin wani Bature mai komawa gida ya saya, da takardarta, saboda ƴan fashin hanyar Kurmi. Ban taɓa ganin irinta ba, na matso har sai da Saje ya ja mini riga. Abin da Alhaji ke taƙama da shi wani ɗan tsinke ne na ƙarfe a ƙeyarta. In akwai harsashi a ciki, tsinken yakan leƙo. In babu, ya shige. Ya ce ko hannunsa na aljihu, da ya shafa da babban yatsa ya san halin da take ciki. Akwai kuma wani ɗan makulli a gefe, in ka murɗa shi, ko ka ja kunama ba za ta tashi ba.

Saje ya ce, "Alhaji, ran da tsatsa ta riƙe tsinken nan a ciki fa? Ko zaren aljihunka ya toshe shi? A wurin yaƙi na ga mutum ya rasa yatsun ƙafa biyu yana rantsuwa makulli a rufe yake. Mu abin da aka koya mana, buɗe ka gani da idonka. In ka gani ma, kada ka nuna wa mutum."

Alhaji ya ce ai Turawan da suka ƙera ba mahaukata ba ne. Saje ya ce su ma ya ga masu ɗingishi a cikinsu. Na ji gardamar ta yi mini daɗi, na sa baki na ce ni dai tsinken ya burge ni, da ma a sa wa mutane irinsa a ƙeya, a san wanda ya zo a cike. Aka yi dariya, na ji ni ma na shiga sahun masu bindiga.

Sai tsohon maharbi ya gyara zama. Ya ce, "Wannan tsinke ai mun riga Bature. Mu maharban wannan yanki, in ka ɗura ka dawo ba ka harba ba, sai ka ɗaura jan zare a gindin kunama. Kowa ya gani ya san a ɗure take."

Maƙeri ya ga fuskata, ya ce, "Baba, lafiya?"

Na ce akwai jan zare a jikin ta Yaya lokacin da ta zo hannuna. Na zaci ado ne. Kazata tana yawan shiga cikin na maƙwabta, sai na kwance shi na ɗaura mata a ƙafa.

Saje ya tashi ya koma bayan tsamiya.

Maƙeri ya ce shi bai yarda da tsinke ba, bai yarda da zare ba, sanda ya sani. Ya zaro sandar ɗuri ya gwada ta a bayan bututun, ya yi alama da farce, sannan ya zura ta ciki a hankali. Ta tsaya. Yatsu huɗu suka rage a waje kafin alamar, ashe a ɗure take. Maƙwabcina ya dube ni, ya ce, "Da wane idon ma ka leƙa?"

Muka bar ta a nan muka tafi masallaci. Na daɗe ban yi sallar Juma'a da natsuwa irin ta ran nan ba. Bayan an sauko muka gangara bakin kogi inda ba kowa, maƙeri ya ɗaure ta a kututture, bakinta na kallon gaɓa, ya sa doguwar igiya a kunama ya miƙo mini. Ina ta addu'a a zuci kada ta tashi, in sami abin faɗa a gida. Na ja. Ta tashi. Belbelu suka watse, hayaƙi ya rufe mu, jaki ya zauna. Da muka tona gaɓar, gutsattsarin ƙusoshi ne da ƙafar tukunyar ƙarfe, sun shige kusan kamu guda.

Na koma wurin mai kifin nan na sayi na sisi, ko tayi ban yi ba.

A hanyar dawowa na shirya ƙarya kala uku, maƙwabcina ya ce duk wadda na faɗa shi zai faɗi gaskiya, don bayansa aka auna. Mun isa gida ana kiran magariba. Uwargida tana zaune bakin murhu, ba ta tambaye ni gajiya ba.

Ta ce, "To?"

Na ɗaga yatsu huɗu, na faɗa mata duka, har da kaza. Ta juya ta kalli ƙofar ɗakinta. Ta ce, "Shekara uku, Malam." Sannan ta karɓi kifin, ta shiga ta tumɓuke turken nan da hannunta ta sa a wuta, ta aika a kawo mata shimfiɗarta.

Abin da na koyo a Wudil shi ne, tsinke da zare da makulli duk suna da amfani, amma kowannensu sai ya sami mai hankali a bayansa, gidanmu kuwa ba ni ne shi ba. Wanda ya tambaye ka ko ka duba, je ka duba. Bindiga yanzu tana rumbu, ba komai a cikinta, maƙeri ya gwada a gabana sau biyu. Zaren yana nan a ƙafar kaza. Duk wanda ya zo gidana ya gan ta, ya bi ta a hankali.