Katunan Ɗantani Mai Gyaran Fanka

Ɗantani mai gyaran fanka ne a shiyyar New Bell, a wata rumfar kwano da ke bakin kwata a Unguwar Hausawa. A gidan da aka haife shi yake kwana, a ɗakin da mahaifinsa ya bari. Bai yi aure ba, kuma ba shi da yawan magana. Bayan fanka, abin da aka fi saninsa da shi wasan kati ne.

Ba katin caca ba ne. Irin wanda 'yan kasuwa suka riƙa shigowa da shi daga Sin ne, mai hoton dodanni da mayaƙa, kowanne da rubutun aikin da yake yi. Mutum yakan tara su a hankali, ya zaɓi arba'in da zai shiga wasa da su. Yayarsa Tasalla ba ta taɓa ganin bambancin ba.

"Ƙato kamarka kana jera hotunan aljanu," takan ce idan ta kawo masa tuwo.

"Yaya, ai ba na cutar kowa."

Abokin wasansa ɗaya ne, Jibirin, direban tirela a wani gareji a unguwar Bassa. Jibirin mai jan wasa ne. Sai ya yi ta gina katanga da katunan tsaro tun la'asar, yana shan shayi yana ba da labarin hanya, har Ɗantani ya ƙare 'yan dabarunsa, sannan ya cinye shi dab da magariba.

Da rikici ya ɓarke a yankin ƙasar da ake magana da Ingilishi, hanyar Bamenda da Jibirin ke bi ta zama abin tsoro. Aka ƙona motar wani abokin aikinsa. Maigidansa ya mai da shi hanyar arewa, shi kuma ya kwashe iyalinsa zuwa Ngaundare. Ya ce da babbar sallah zai zo.

Ɗantani ya ƙudura zai tarbe shi da abin da bai taɓa gani ba, wato haɗin katunan da zai gama wasa kafin a ɗora tubalin farko na katanga. Ya cire manyan dodannin da yake ƙauna, don suna da nauyin fitowa. Ya dogara ga ƙananan katuna uku: ɗan aike da ke zaƙulo katin da ake so, kibiya da ke sara sau ɗaya ta faɗi, da maƙeri da ke ɗaga ta ta sake sara. Sauran duk aikinsu su kawo waɗannan hannu da wuri. Maƙerin ne ya ba shi wahala. Sai a unguwar Bali ya same shi wurin wani ma'aikacin ofis, ya ba da dodonsa mafi kyau aka yi musaya.

Duk ranar da aka ɗauke wuta aiki ya tsaya, sai ya ture wayoyi da fukafukan fanka gefe, ya yi wasan shi kaɗai, yana zaga tebur yana riƙe wa Jibirin nasa ɓangaren.

Sallah ta zo, Jibirin bai zo ba. Ɗantani ya kira shi a waya.

"Kai har yanzu kana kan abin nan?" in ji Jibirin yana dariya. "Nawa na ba yara, sun yayyaga su."

Suka gaisa da iyali, suka yi sallama.

Cikin damina wani mutum ya kawo fanka gyara. Sunansa Ɓoɓɓo, Bafulatani daga Wum, rikicin ne ya koro su bayan shanunsu sun salwanta. Ya ga katunan a kan tebur, ya tsaya.

"Mun yi wannan a makaranta a Bamenda," ya ce da Hausarsa mai karin Fillanci. "Malam, ko za mu taɓa?"

Ɗantani ya miƙa masa ragowar katunansa. A zagaye na biyu ɗan aike ya fito, kibiya ta sara, maƙeri ya ɗaga ta, ta yi ta sara har wasa ya ƙare. Suka sake, haka aka yi. Ɓoɓɓo ya ajiye katunan da ko amfani bai yi da su ba.

"Ka iya sosai," ya ce. "Amma ni ban yi wasa ba, kallonka kawai na yi."

Ya karɓi fankarsa ya tafi. Ko sunan unguwarsu a Wum Ɗantani bai samu ya tambaye shi ba.

Washegari ya wargaza haɗin. Ya raba katunan gida biyu daidai ƙarfi, masu tafiya a hankali, ya ɗaure kowanne da roba. Ranar Juma'a bayan an sauko ya yi ta tambaya har aka nuna masa gidan da baƙin Wum suka sauka. Wani dattijo a zaure ya ce Ɓoɓɓo ya samu aikin lodi a Kribi, ya tafi.

Ɗantani ya bar masa lambar wayarsa ko da zai dawo, ya bi gefen layin dogo zuwa rumfa, ruwa na dukansa.

Yana nan har yau. Idan mai kawo gyara ya daɗe yana kallon katunan, yakan tambaye shi ko ya iya. Yawanci sukan ce suna sauri.