Yaya da Autanta

Tana da shekara goma sha ɗaya aka haife shi. Tana zaune a bencin asibiti da jakar kayan jariri a cinya, aka daɗe ba a ji kuka ba. Da kukan ya zo, siriri ne kamar na ɗan kyanwa. Ungozoma ta fito tana share zufa, ta ce an sha wuya amma an samu namiji. Shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kowa ya kira shi Auta, sunan ya bi shi har furfura.

Auta bai zauna ba sai da ya yi shekara ɗaya da rabi, bai taka ba sai a ta uku. Maƙwabta suka ce nauyin ƙafa ne, a yi haƙuri. Da ya kai biyar bakinsa bai wuce kalma huɗu ba, uwarsu ta kai shi wurin likita. Likita ya ce a wurin haihuwa ne numfashi ya yanke masa na ɗan lokaci, ƙwaƙwalwa ta taɓu. Jiki zai girma, amma hankali ba zai wuce na ƙaramin yaro ba. Cikin kalmomi huɗun nan wadda ya fi faɗa ita ce "Yaya". Daga bakinsa duk layin suka ɗauka, har tsofaffin da suka haife ta Yaya suke ce mata.

Ta koyi ɗinki, ta buɗe ɗan shago a bakin titi: keke ɗaya, teburin yanka, madubi mai tsaga a gefe. Tana da ashirin da huɗu uwarsu ta kwanta ciwon ajali. Ta kama hannunta ta ce, "Ban bar miki komai ba sai shi. Kada ki bari ya wulaƙanta."

Manema biyu suka zo, suka ga Auta, ƙafarsu ta ɗauke. Na uku direban babbar mota ne, mai yawan barkwanci. Da ta ce masa ita da ƙaninta ba a raba su, ya yi dariya ya ce, "Ni da nake jan tirela, ɗaukar mutum biyu ne zai gagare ni?" Suka yi zama na shekara talatin, suka haifi 'ya ɗaya, sannan ya rasu. 'Yar ta yi karatu, ta samu aikin ofis a wani gari mai nisa, ta yi aure can.

Auta yana da aikinsa a shago. Shi ke ware maɓallai cikin gwangwanaye, ja da ja, fari da fari, kuma ba ya kuskure. Shi ke miƙa almakashi. In mai kaya ta ɗaga murya kan an makara da ɗinkinta, sai ya toshe kunne ya shige bayan labule. Yaya ce ke aske masa gemu, ita ke ba shi maganin farfaɗiya safe da yamma, ita kaɗai ta san cewa in ya fara murza gefen riga to cikinsa ne ke ciwo.

Tana da sittin da shida abin ya soma. Ta yanka hannun riga ɗaya sau biyu, duka na dama. Ta auna wata mata, matar ta fita ta dawo ɗaukar jaka, Yaya ta sake ɗauko tef ta ce, "Bismillah, tsaya in auna ki." Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta ce tsufa ne ya zo ba sallama. Amma ranar da ta tsinci almakashi a cikin firji ba ta gaya wa kowa ba.

Wata rana da hantsi suka je sayen zare. A hanyar dawowa ta tsaya a mahaɗar titi da ta shekara arba'in tana tsallakawa, ta duba hagu ta duba dama, babu abin da ta gane. Gumi ya karyo mata. Auta ya jira, ya jira, sai ya kama hannunta.

"Yaya, gida can."

Ta bi shi kamar raƙumi da akala. Suna isa ta kira 'yarta.

A asibiti wata likita ta faɗa mata kalma uku, ta ce ta riƙe, ta sa ta zana agogo. Lambobin suka cunkushe a gefe ɗaya. Da aka nemi kalmomin, ko ɗaya ba ta dawo ba. Likita ta ce ciwon mantuwa ne. Akwai maganin da zai iya rage masa gudu, amma babu mai tsayar da shi.

"Likita, ba ta kaina nake ba," in ji Yaya. "Ina da ƙane. Shekara nawa zan yi ina sanin lokacin maganinsa?"

Likita ta ajiye biro. "Mama, wannan ban isa in faɗa miki ba."

Da suka dawo gida, Yaya da 'yarta suka zauna a falo, Auta yana waje yana ba tantabaru ruwa. 'Yar ta ce, "Umma, ɗaki biyu gare mu, ga yara uku, ni da shi duka muna fita aiki. Ke zan iya, ko a ƙasa zan kwana. Amma Kawu..." Ba ta ƙarasa ba ta fashe da kuka. Yaya ba ta ga laifinta ba, kuma hakan ya fi mata zafi, don da akwai wanda za ta zarga da ta samu sauƙi. Aka tuntuɓi dangi. Wannan ya ce matarsa ba lafiya, wancan ya ce bari ya yi shawara, bai sake ɗaga waya ba. Akwai wani gidan kula da masu irin lalurar Auta a bayan gari, suka ce a rubuta suna a jira gurbi.

Cikin watannin jira Yaya ta sayi littafi, ta shiga rubuta Auta a ciki. Ba ya son ruwa mai zafi. A yanka masa farce yana kallon talabijin. Kada a ce masa "yi sauri". In ya ce "a'a" sau biyu, na uku zai yarda. Wani abin ta rubuta shi sau huɗu a shafuka daban-daban. Wata rana ta ba shi magani, ta juya, ta sake ba shi. Ya wuni yana barci kamar gawa, mai shagon kusa ce ta kira mota. Bayan wannan babu sauran gardama.

Ranar da gurbi ya samu aka kai shi, ya shiga da jakarsa yana murna, a zatonsa unguwa aka zo. Sai da ya ga ta nufi ƙofa ita kaɗai ya riƙe mayafinta. Ma'aikata biyu ne suka ɓamɓare yatsunsa. Har bakin titi tana jin "Yaya! Yaya!" Ba ta waiga ba, don ta san in ta waiga ba za ta tafi ba.

A gidan 'yarta, watannin farko kullum sai ta tashi neman maganin Auta. Takan zuba abinci kwano biyu. A hankali ta daina. Duk bayan wata biyu 'yar kan ɗauke ta su yi tafiyar awa huɗu su gan shi. Ya rame, an yi masa aski irin wanda ba ya so. Ma'aikatan ba mugaye ba ne, aiki ne ya yi musu yawa.

A zuwa na bakwai, aka fito da shi farfajiya, ya taho da sauri yana jan ƙafa. Yaya ta gyara zama, ta gaishe shi da ladabi kamar yadda ake gaida dattijo.

"Baba, don Allah ko ka ga ƙanina? Ɗan ƙarami ne, ba ya magana sosai."

Auta ya dubi 'yar, ya dubi Yaya. Ya buga ƙirji. "Auta. Ni Auta."

"Allah sarki, sunanku ɗaya," in ji Yaya. "In ka gan shi ka ce ya zo, rana ta yi."

Ya zauna kusa da ita a bencin, ya kama hannunta, ba ta hana shi ba. Haka suka zauna, ita tana leƙen ƙofa, shi yana kallon fuskarta, har ma'aikaciya ta zo ta ce lokacin ziyara ya ƙare.