Kwamfutar Malamin Beli

Cikin shekarun da na yi ina sayar da tsofaffin kwamfutoci a Karaye, ranar da Malam Sani ya dawo mini da tasa ba ta taɓa fita raina ba. Malamin Islamiyya ne a Beli, cikin ƙasar Rogo. Ya saye ta don ya buga rubuce-rubucen ajami da mahaifinsa ya bari, ni kuma na ce masa gaban jama'a za ta yi. Ranar kasuwa ya sauka daga babur da ita naɗe a darduma. Bayan mun gaisa ya ce, "Alhaji, manhajar rubutun da ka sa mini tana wargaza baƙaƙen. Ko ka gyara, ko ka karɓi abarka."

Maganar Malam tana da nauyi a ƙasar Rogo. In ya koma ya ce na yi alkawarin da ban cika ba, na rasa mutanen can.

Ku da kuka zo shagon nan daga baya, ku fahimci matsalar. Akwai manhajar da ta iya rubutu daga dama zuwa hagu, amma shiryayyar da ake saukewa ba ta hawa tsohuwar kwamfuta irin tasa. Sai dai a sauke ainihin rubutun da masu ita suka yi, a harhaɗa shi a kan na'urar. Kamar yadi ne a hannun tela. Umarnin farko awo, na biyu ɗinki, na uku a sa wa mai ita.

Na ba da umarnin awo, ya tsaya. Na sake, ya sake tsayawa. Bala mai wayoyi, maƙwabcina, ya leƙo. "Dillali ya koma injiniya! Ka ɗora ta a mota zuwa Kano, kada ka ƙona wa Malam kaya."

Na ce, "Kai dai je ka manna gilashin waya."

Na koma kan allon. Malam na zaune kusa da ni, don ban taɓa juya wa mai kaya bayan allo ba. Ya duba agogon da ke kusurwar allon don ya ga ko azahar ta yi, ya ce, "Ikon Allah. Rana tsaka, ita kuwa ta ce sha biyun dare."

Sai a lokacin na karanta layin ƙarshe na saƙon da take fitarwa a allo, wanda nake tsallakewa. Cewa yake a duba agogo. Ƙaramin batirin da ke riƙe lokaci a cikinta ya mutu, ta koma shekarar da aka ƙera ta, tana ganin fayilolin da na sauke kamar ba a ma rubuta su ba tukuna. Na kwance ta, na sa sabon batiri, na saita kwanan wata. Awo ya wuce. Muka tafi masallaci muka bar ta tana ɗinki, kafin la'asar na girka manhajar.

Malam ya buga layin farko na rubutun mahaifinsa, baƙaƙen suka jeru a haɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Allah ya yi albarka." Bala bai ƙara leƙowa ba.

Abin da na koya shi ne, na'ura ba ta ɓoye ciwonta, mu ne ba ma karantawa har ƙarshe. Kuma ku bar mai kaya ya zauna kusa da ku, yakan hango abin da gaggawa ta rufe muku.