Bakaniken da ke ajiya a kumatu

A garejin nan, an ce, ba a manta ranar da wannan bawan Allah ya yi atishawa ya haɗiye ƙwayar boris ba. Yau ga shi ina kallo daga benci, ya sauke giyabos ɗin motar wani dattijo, ya ciro boris ɗin kulocin da ke kuka duk lokacin da aka taka. Irinsa ba ya samuwa a kasuwa, dole sai gyara.

Bakaniken gajere ne, rigarsa ta sha baƙin mai har tana ƙyalli. Yana zare ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, da tsohon giris ɗinsu, yana jefawa a baki don kada su ɓace a ƙasa. Kumatu sun cika, baƙin yawu yana gangarowa gemu. Ina jin matarsa ta daɗe da ware masa kofinsa.

Dattijon ya yamutsa fuska ya ce, "Maigida, in ka sake haɗiye wata fa? Da ƙafa zan koma?"

Ya tofo su a tafin hannu ya ce, "Baba, ai ba ɓata ta yi ba. Sai dai ka dawo gobe da safe."