Ranar da Farfesa Ta Tsallake Ni

Cikin duk ranakun da na yi a sashen binciken annoba a Kuala Lumpur, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Farfesa Zaharah ta tsallake ni ta kira Hanatu.

Ku da kuka zo daga baya ba ku san Farfesa ba. Tana cikin matan farko da suka shiga wannan aiki a ƙasar nan, tun zamanin da in ta isa ƙauye da tambayoyinta sai a ce ta jira likita ya iso, alhali ita ce likitan. Da ƙafa ta riƙa bin sawun kwalara gida-gida. Ko da na zo daga Kafanchan ta riga ta yi ritaya, amma takan leƙo mu a ofishinmu na Bukit Jalil in abu ya taso. Ni nake tarbarta a ƙofa, ni nake riƙe mata jaka. Har abokan aiki suka laƙaba min 'yar Farfesa, ni kuwa ban taɓa musawa ba.

Sai ga Hanatu, 'yar Pankshin, ƙaramar ma'aikaciya da ko shekara ba ta rufa ba. Cocinmu ɗaya, ni ma na samo mata ɗaki.

Wata safiya aka kawo rahoton amai da gudawa tsakanin 'yan kasuwar Chow Kit. A ƙa'idar aikinmu akan raba ma'aikata gida biyu: masu fita su tambayi marasa lafiya abin da suka ci da abin da suka sha, da masu zama a ofis suna shigar da amsoshin cikin kwamfuta. Kowa ya san waɗanda ake ambata in an gama. Har na canza takalmi, sai Farfesa ta ɗaga sandarta ta nuna bayana.

"Ke yarinya, zo mu tafi. Rifkatu, ki riƙe mana ofis."

Hanatu ta matso ta yi min raɗa: "Anti, ba fa ni na roƙa ba."

"Je ki mana, kada ki bar tsohuwa tana jira," na ce, da murmushin da bai wuce leɓe ba.

Da ƙyar na ci kwanakin nan. Su dawo da yamma sharkaf da gumi, suna dariyar abin da ban gani ba, jakar Farfesa a kafaɗar Hanatu. Ranar da na ji Farfesa ta kai Hanatu cin abinci a unguwar Kampung Baru har ta nuna mata gidan da aka haife ta, gidan da ni ban taɓa gani ba, sai na tattara takarduna na tafi gida tun lokacin tashi bai yi ba.

Kuma Hanatun ce ta gano bakin zaren. Ta lura masu shan shayi da zafinsa lafiyarsu lau, masu sa ƙanƙara ne ke kwance. Aka bi ƙanƙarar har inda ake yin ta, hukuma ta rufe wurin, cutar ta lafa. A taron sashe aka tafa mata. Ni ma na tafa, tunda ana kallona.

Bayan taro na raka Farfesa jiran mota. Ban yi niyyar magana ba, sai dai na ji ta fito.

"Farfesa, laifin me na yi?"

Ta dube ni ta saman tabarau. "Babu. Ke kin iya, ita ce da saura. Ƙafafun nan sun kusa gajiya, ragowar ƙarfinsu na wanda bai iya ba ne." Sai ta yi dariya. "Kishi kike yi?"

Na kawar da kai ina duban hanya, ita kuwa ta ci gaba.

"Ki gode wa Allah. Na yi shekaru ina neman mace ɗaya tak a wurin aiki da zan yi kishi da ita, ban samu ba. Daga ni sai maza."

Ba zan ce muku maganar ta wanke min zuciya ba. Har yau in na ga sunan Hanatu a saman rahoto sai na ji abu ya soke ni. Amma na gane cewa a wannan aiki, babba ba wanda ya fi so yake ɗauka ba, wanda ya fi buƙatar koyo yake ɗauka. Yanzu da zaɓin ya dawo hannuna, nakan kalli fuskar wadda na bari a ofis, na san sarai abin da ke cin ta, kuma ba na fasa tafiya.